Giya mai kuloci biyu ko ta hannu: wacce ta fi daɗin zama a motar gudu?

Kwana_Bakwai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san cikin giyabos ce. Mutumin da mota ɗaya tak zai riƙe, irin su Golf GTI ko M3 ko 911, da ita zai shiga cunkoso kullum, da ita kuma zai leƙa filin tsere jefi-jefi, wacce ta fi masa: mai kuloci biyu, wato su DSG ta Volkswagen da PDK ta Porsche, ko ta hannu? Ba saurin canza giya nake tambaya ba, wannan an riga an gama shi. Me ke lalacewa a kowacce, me ke jawo shi, kuma me ake yi kafin ya lalace?

TsohonBakanike:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa a raba su gida biyu, don ba duk mai kuloci biyu ce ɗaya ba. Akwai wadda kulocinta ke cikin mai, akwai busasshiya. A gidan Volkswagen, DQ250 mai giya shida da ta fara fitowa a Golf R32 a 2003 cikin mai take, tana ɗaukar ƙarfin juyi na wajen Nm 350. DQ200 mai giya bakwai busasshiya ce, iyakarta Nm 250, don ƙananan injuna aka yi ta. Mafi yawan ƙorafin da ake ji na karkarwa wajen tashi daga busassun yake fitowa, sai a shafa wa sauran kashin kaji. Motocin gudu na gaske kusan duk mai jiƙaƙƙen kuloci suke amfani da ita: PDK, giyar Nissan GT-R, M DCT ta BMW, mai giya takwas ta Hyundai N. Man ne ke kwashe zafi daga faifan kuloci ya kai shi wurin sanyaya. Busasshiya kuwa iska kawai ta dogara da ita.

GiyaShida:
Ta hannu, ba shakka. Faifan kuloci ɗaya, murfin da ke danne shi, boris ɗin saki, sai zobban sinkuro masu daidaita gudun giya kafin ta shiga. Galibi babu kwamfuta, babu famfo a ciki. Abin da babu shi ba ya lalacewa.

Injiniya_Mekatironik:
@GiyaShida gaskiya ne kayan cikinta sun fi ƙaranci, amma bari in yi wa mai tambaya bayanin yadda ɗayar ke aiki, don daga nan ne duk halayenta suke fitowa.

A zahiri giyabos biyu ne na hannu a cikin gida ɗaya. Sanda biyu ke shigo da ƙarfin inji, ɗaya rami gare ta, ɗayar ta ratsa ta cikinta. Kuloci na farko na riƙe da giya ɗaya, uku, biyar, na biyu na riƙe da biyu, huɗu, shida. Kana tafiya a uku, ƙwaƙwalwar giya ta riga ta saƙala huɗu a ɗaya sandar tana jira. Lokacin canji ya yi, wannan kuloci ya saki, wancan ya kama, ƙarfi bai yanke ba.

To amma hasashe take yi. Tana duban totur da birki da gudun mota ta yanke wacce za ta tanada, ta sama ko ta ƙasa. Ka nufo shataletale ka ɗaga ƙafa, ta ɗauka tsayawa za ka yi, sai ka hango sarari ka taka totur. A nan ne za ka ji ɗan shiru na kusan daƙiƙa guda, sannan ta fizga. Ba lalacewa ba ce, sai da ta cire giyar da ta tanada ta saƙala wata. Haka in ka nemi ta sauko daga shida zuwa huɗu kai tsaye, duka a sanda ɗaya suke, sai ta ɗan bi ta ɗaya kulocin kafin ta isa. Maganinsa: ka ja ɗan kunnen hagu na bayan sitiyari ka sauko da giya da kanka tun kafin ka isa shataletalen.

Uwargida_GTI:
Ga abin da ya fi shafar mai shiga cunkoso. Mai kuloci biyu ba ta da tukunyar man nan da otomatik ta gargajiya ke da ita tsakanin inji da giya. Don haka duk lokacin da mota ke rarrafe ƙasa da gudun tafiyar ƙafa, kuloci ne ke zamewa, daidai da mai ta hannu da ya riƙe feda rabi da rabi. Bambancin kawai kwamfuta ce ke yi, kai ba ka ji a ƙafarka.

Abin da ake yi: in za ka tsaya, ka taka birki sosai. Taka shi sama-sama yana sa wasu giyoyin su bar kuloci a bakin kamawa suna jiran ka saki, zafi na taruwa. Ka bar na gabanka ya yi nisan tsawon mota ɗaya ko biyu, sannan ka saki birki gaba ɗaya ka tafi har kuloci ya kama tsaf. A kan tudu kada ka taɓa riƙe mota da totur. Birki, ko maɓallin riƙe mota in akwai. Ribas a hawa ma haka, musamman shiga gareji mai tudu da baya: ka yi shi a tafiya ɗaya, ba taku-taku ba. In cunkoson mai tafiya a hankali ne, ka mayar da ita wajen canzawa da hannu ka kulle ta a giya ɗaya, don kada ta riƙa hawa biyu tana zamar da kuloci tana saukowa.

Kwana_Bakwai:
Na gode Hajiya. A danja fa, sai an mayar da ita firi?

Uwargida_GTI:
Ba dole ba. In ƙafarka na kan birki da kyau kulocin a buɗe yake. Tsayuwa mai tsawo ce kawai za ka sa P ka huta.

GiyaShida:
Kun ga abin da nake faɗa. Duk wannan dokokin, mai ta hannu ƙafarsa ce ke gaya masa.

TsohonBakanike:
Malam GiyaShida, ƙafar ce kuma ke kashe ta. Mu lissafa abin da ke kawo ta hannu gareji.

Ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya: boris ɗin saki na juyawa ba hutu, faifan kuma bai danne sosai ba. Tsayawa a danja da giya ɗaya a ciki, feda a ƙasa: boris ɗin dai. Ɗora hannu a kan sandar giya: cokulan da ke tura giya suna goguwa. Cusa giya biyu da ƙarfi da safe man giya bai ɗumama ba: zoben sinkuro na biyu shi ke fara tafiya, alamarsa ƙarar ƙurrr in ka sauko daga uku da sauri. Jan mota a giya ta sama inji na ƙasa da juyi 1,500 kana taka totur har ƙasa: wannan fulawil mai gida biyu yake gajiyarwa, sifirin ɗin cikinsa su saki, ka fara jin kwaram-kwaram a silo da lokacin kashe inji.

Sai silindar da ke tura kuloci. A motoci da yawa na yanzu a cikin ƙoƙon giyabos take, haɗe da boris. In ta fara yoyo sai an sauke giyabos gaba ɗaya, kuma man na iya jiƙa faifan. Shi ya sa duk ranar da aka sauke don canza kuloci, a canza ta tare, a duba fulawil, a duba sil ɗin bayan inji. Kuma man da ke cikinta man birki ne, yawanci DOT 4 daga tanki ɗaya. Duk shekara biyu da ake canza man birki, a zuƙe na ɓangaren kuloci ma. Mutane da yawa suna mantawa da shi har feda ta fara maƙalewa a ƙasa in mota ta yi zafi.

MaiTotur911:
Babba daga cikinsu Baba TsohonBakanike bai faɗa ba, kuma shi ne ya fi tsada: kuskuren giya a babban gudu. Kana uku, inji na juyi 7,000, ka ja sanda za ka sa huɗu, hannunka ya ɗan karkata hagu ta faɗa biyu. In ratar da ke tsakanin biyu da uku ta kai kashi 45 cikin ɗari, da zarar ka saki feda tayoyi za su tilasta wa inji juyi sama da 10,000. Na'urar taƙaita juyi ba ta da abin yi a nan, ita mai kawai take yankewa, yanzu kuwa ba mai ke juya injin ba, taya ce. Bawul ba su samu sun koma ba fistin ya iske su. Wani lokaci injin ya buga nan take, wani lokaci ya ci gaba da aiki da bawul a lanƙwashe.

Mai kuloci biyu ba za ta taɓa yarda da wannan ba. Ka ja kunnen sauko da giya sau goma, in juyin zai wuce iyaka ba za ta sa ba. Ga wanda zai shiga filin tsere yana koyo, wannan kariya ce babba. Shi ya sa masu sayen Porsche ta hannu da aka yi amfani da ita suke neman a karanta musu ƙwaƙwalwar inji, domin tana ajiye tarihin wuce iyakar juyi. Daga 911 samfurin 997 zuwa sama matakai shida ne. Na ɗaya da na biyu yawanci taɓa iyaka ne kawai, daga na huɗu zuwa sama kuwa a tsaya a yi bincike, a gwada matsin silinda.

Kariyar mai ta hannu: daga uku zuwa huɗu kada ka damƙe sandar. Ka juya tafin hannu, ka ja ta da yatsu kai tsaye baya, sifirin ɗinta da kansa yana ajiye ta a layin tsakiya. Kuma ka saki feda da lura, in ka ji inji ya fara ihu ka mayar da ƙafa nan da nan.

Sitiyari_Hagu:
Wannan bayani ya yi. Allah Ya ƙara basira.

Kwana_Bakwai:
To batun mai fa? Ana cewa wasu ba a canza musu har abada.

Injiniya_Mekatironik:
Kada ka yarda da wannan a kan mai jiƙaƙƙen kuloci. A DQ250 mai ɗaya ne ke wanke kuloci, ya shafa haƙoran giya, ya kuma bi ta cikin bawul-bawul na mekatironik, wato na'urar da ke sarrafa kuloci da canjin giya. Garin faifan kuloci yana zuba a cikinsa. Ƙa'idar kamfani kilomita 60,000, mai da filta tare.

Yadda ake yi, don ka san ko an yi maka daidai. Mota a daidaice, ba a karkace ba. A cire toshiyar ƙasa, a cikin ramin akwai wani ɗan bututun roba mai auna tsayin mai, shi ma a kwance shi, sai wajen lita biyar ya zubo. Duka cikin giyabos ya fi lita bakwai, ba ya fita gaba ɗaya. A mayar da bututun a hankali, roba ne, ɗauri kaɗan yake so. A canza filtar da ke sama da zoben robarta. A tura sabon mai ta ƙasa, wajen lita biyar da rabi. A tada inji, ƙafa kan birki, a bi kowane matsayi na sandar giya ana tsayawa kamar daƙiƙa uku, a dawo P. Sai a haɗa kwamfutar gwaji a duba zafin man. Yana kaiwa tsakanin digiri 35 da 45, inji na aiki, a buɗe ƙasa rarar ta zubo har ta koma ɗiga, a rufe da sabon zoben toshiya.

Inda ake kuskure wuri biyu ne. Auna mai da zafi ya wuce 45: ya kumbura, ya zubo fiye da kima, giya ta tafi da ƙarancin mai. Na biyu, zuba man otomatik na gargajiya. Santsinsa daban ne, kuloci zai fara karkarwa. Man da aka rubuta wa wannan giyar kaɗai.

MaiTotur911:
PDK ta 997.2 mai iri biyu gare ta, kowanne da gidansa. Na kuloci kilomita 90,000 ko shekara shida, na haƙoran giya 180,000 ko shekara goma sha biyu. Motar da ke zuwa filin tsere a rage wannan tazarar sosai. Abin da aka fi sani da ita kuma ba kuloci ba ne, sensar da ke gaya wa kwamfuta inda cokulan giya suke ce. In ta rikice mota ta shiga yanayin lallaɓawa ko ta ƙi shiga giya. Ƙaramin abu ne amma a can ciki yake, sai an buɗe giyabos, kuma ba kowane gareji ke buɗe ta ba. Kafin ka sayi mota mai PDK ka fara sanin wa zai iya wannan aikin.

Direban_Dare:
Wani gyara kan maganar Baba ta farko. DQ200 ba zafin kuloci kaɗai ke damunta ba. Mekatironik ɗinta na da famfon lantarki da wata tukunyar tara matsi, kuma gidan da tukunyar ke ɗaure a ciki yakan tsage. Matsi ya zube, famfo ya yi ta aiki ba tsayawa, alamar giya ta fara ƙyaftawa a dashbod, mota ta koma firi. Kuma a 2013 Volkswagen ta kira motoci kusan miliyan 1.6 don a sauya musu man roba da na ma'adini, saboda na farkon yana jawo matsalar lantarki a ciki.

TsohonBakanike:
Haka ne. Sai dai Golf GTI da Golf R ba ita ke cikinsu ba, mai tambaya ya kwantar da hankalinsa ta wannan ɓangaren. Ya dai duba lambar giyabos da idonsa kafin ya biya, kada ya tsaya ga sunan DSG da ke jikin sanda.

GiyaShida:
Ni dai har yanzu ba a taɓo abin da ya sa mutum ke sayen motar gudu ba. Ka nufo kwana, yatsun ƙafar dama na kan birki, gefen ƙafar ya ɗan taɓa totur, hagu ta taka kuloci, giya ta faɗa uku ba tare da mota ta ko girgiza ba. Wannan gwaninta ce da ake koya, kuma daɗinta ba ya ƙarewa ko a gudun kilomita 60 ne. Mai kuloci biyu sai ka kai gudun da doka ta hana kafin ka ji wani abu. Ba ni kaɗai ke ganin haka ba. Porsche ta fito da GT3 a 2013 da PDK kaɗai, masu saye suka yi ta ƙorafi, 911 R ta fito a 2016 da ta hannu, a 2017 kuma ta hannu ta dawo GT3.

MaiTotur911:
Ta dawo, kuma alƙaluman kamfanin na wannan motar ta 2017 sun nuna farashin zaɓin: sifili zuwa gudun kilomita 100 a daƙiƙa 3.4 da PDK, 3.9 da ta hannu, ita kuma ta hannun ta fi sauƙin nauyi da kilo 17. A filin tsere ribar ba a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai take ba. Hannu biyu na kan sitiyari koyaushe, kana iya canza giya a tsakiyar kwana ba tare da bayan mota ya motsa ba, ƙafar hagu kuma ta samu damar taka birki.

Sitiyari_Hagu:
A kula da birkin ƙafar hagu. Motoci da yawa in suka ji totur da birki tare na ɗan lokaci sai su yanke ƙarfin inji. A gwada a fili tukuna, ba a tsakiyar kwana ba.

Uwargida_GTI:
@GiyaShida a yi adalci, ta hannu ta yanzu ba irin ta da ba ce. Da yawa suna daidaita juyin inji da kansu in za ka sauko da giya, Nissan 370Z ce ta fara kawo shi, wanda ke so ya kashe ya yi da ƙafarsa. Wasu kuma juyin inji na rataye a sama in ka taka kuloci, saboda dokokin hayaƙi, dole ka jira shi ya sauko kafin ka saki daga ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba ta yi tsalle. Wasu BMW ma suna da ɗan bawul a layin man kuloci mai jinkirta kamawa. Kuma motar da ke da ƙarfi sosai fedarta na da nauyi. Awa guda a cunkoso, gwiwar hagu ce ke biya.

Direban_Dare:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. BMW da kanta ta bar M DCT, M3 ta yanzu otomatik ta gargajiya ce mai giya takwas ta ZF, ko ta hannu mai shida. Toyota ma da ta ƙara wa GR Yaris otomatik a 2024, ta gargajiyar ta sa. Sun yi sauri yanzu, kuma rarrafe a cunkoso ba ya cin musu kuloci. A ɗaya ɓangaren Corvette C8 mai kuloci biyu ce kawai, Civic Type R ta hannu kawai, sabuwar GTI kuma ta bar ta hannu tun gyaran 2024. Sau da yawa motar da ka zaɓa ce za ta yanke maka hukunci.

Kwana_Bakwai:
Wannan gaskiya ne. To in motar da aka yi amfani da ita zan saya, me zan gwada a kowacce?

TsohonBakanike:
Ka je mota na sanyi, kada a ɗumama maka ita kafin ka iso.

Mai kuloci biyu: takardar canjin mai tukuna, in babu ka ɗauka ba a yi ba. A shimfiɗaɗɗen fili ka saki birki ba totur, ta tafi sumul ba karkarwa, ka yi haka a D da R. Ka maimaita bayan tafiyar minti ashirin, don wasu sai sun yi zafi suke nunawa. Ka saurari bugu in tana saukowa daga uku zuwa biyu wajen tsayawa. A haɗa kwamfuta a karanta ƙwaƙwalwar giya ita kanta, ba ta inji kaɗai ba, a wasu motocin har adadin tashin tsere da aka yi tana nunawa. Ka tambaya ko an ƙara wa inji ƙarfi. In an ƙara ba a gyara manhajar giya ta ƙara matsin kuloci ba, ya daɗe yana zamewa a giya ta sama.

Ta hannu: ka sa giya biyar a juyi 2,000 ka taka totur har ƙasa. In allurar juyi ta tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Ka lura da inda feda ke kamawa, can sama alama ce ta cinyewa. A silo ka taka feda ka saki kana saurare: ƙarar da ke zuwa in ka taka boris ɗin saki ne. Ka sauko daga uku zuwa biyu da ɗan sauri ka ji sinkuro. Ka ɗaga ƙafa daga totur kwatsam a kowace giya ka ga ko sanda za ta fice da kanta.

Injiniya_Mekatironik:
Ƙari biyu ga wanda ya ɗauki mai kuloci biyu. Batir mai rauni yana sa ta hauka: canji mai bugu, fitilar gargaɗi, ƙin shiga giya. A gwada batir kafin a zargi mekatironik. Kuma bayan canza kuloci ko mekatironik dole a yi mata saitin farko da kwamfuta ta sake koyon inda kowane kuloci ke kamawa, sannan a yi tafiyar gwaji.

Ba a tura ta ta tashi. In ta mutu a hanya, famfon man DQ250 inji ke juya shi, don haka ja da tayoyin gaba a ƙasa kada ya wuce gudun kilomita 50, nisan kilomita 50. Janwe mai ɗaukar mota gaba ɗaya ya fi.

GiyaShida:
Ta hannu kuwa mutum biyu su tura, ka sa biyu, ka saki feda.

Uwargida_GTI:
In batir ɗin bai mutu murus ba. Famfon fetur da kwamfutar inji na buƙatar wuta, ko wace giya ce a motar. @Kwana_Bakwai, cunkoson da kake magana na tsaya-tafi ne a kan tudu, ko mai tafiya a hankali a shimfiɗaɗɗiyar hanya? Kuma sau nawa a shekara za ta ga filin tsere?

Kwana_Bakwai:
Tsaya-tafi ne, akwai tudu a ciki. Filin tsere ba zai yi yawa ba. Malam Injiniya, in an bi duk abin da Hajiya ta faɗa na birki, jiƙaƙƙen kuloci zai jure wannan kullum, ko sai an ƙara na'urar sanyaya mai?

Injiniya_Mekatironik:
In injin na nan yadda ya fito daga kamfani, wadda ke jikinta ta isa. Ita da ruwan lagireto take sanyaya man giya, don haka lafiyar fanka da ruwan inji ita ce lafiyar giyar. Ƙarin na'ura sai ga wanda ya ƙara ƙarfi ko yake zagaye da yawa a jere a filin tsere. Ka dai rage tazarar canjin mai zuwa wajen kilomita 40,000 saboda tudun, kuma ka sa a riƙa karanta maka zafin man giya duk lokacin sabis.